Ramukan Yaƙi na Cu Chi a Biyetnam: Me Baƙo Yake Gani Idan Ya Shiga?

Bikin da ƙasar Biyetnam ta yi ranar 30 ga Afrilu, 2025, na cika shekara 50 da kawo ƙarshen yaƙinta, ya sake jawo hankalin duniya ga wuraren da aka gwabza wannan yaƙi, kuma daga cikin waɗanda hotunansu suka fi yawo a intanet akwai ramukan Cu Chi, waɗanda ake furta sunansu Ku Ci. Hoton da aka saba gani shi ne na baƙo ya zura jikinsa cikin wani ɗan ƙaramin rami a tsakiyar daji, ya ɗaga murfin katako da aka barbaɗe da busassun ganyaye bisa kansa, yana yi wa mai ɗaukar hoto murmushi. Wanda ya ga wannan hoto bai san tarihin wurin ba yana iya ɗauka filin shaƙatawa ne, alhali kuwa a cikin waɗannan ramuka da kewayensu dubban mutane suka rasa rayukansu.

Shin ramin da baƙo ke shiga shi ne ainihin wanda mayaƙa suka zauna a ciki? Wa ya haƙa shi, kuma da wane kayan aiki? Me ya sa ake jin ƙarar bindiga a wurin da aka keɓe don tunawa da matattu? Kafin a amsa waɗannan tambayoyi sai an raba abubuwa uku da suka cakuɗe a wurin: ramin da yaƙi ya bari, gyaran da aka yi masa saboda baƙi, da kuma labarin da hukuma ta ɗora a kansa.

Sunayen da baƙo zai riƙa ji

Yaƙin da duniya ta sani da Yaƙin Biyetnam, a can ƙasar sunansa a hukumance yaƙin turjiya ga Amurka, a bakin jama'a kuwa Yaƙin Amurka, domin su a wurinsu ɗaya ne daga cikin yaƙe-yaƙen da suka yi da baƙin haure. Viet Minh ita ce ƙungiyar da Ho Chi Minh ya jagoranci kafawa a 1941, wadda ta yaƙi Faransa mai mulkin mallaka. Viet Cong kuma laƙabi ne da gwamnatin Kudancin Biyetnam, lokacin da ƙasar ke rabe biyu, da Amurka suka yi wa 'yan tawayen Kudu, ma'anarsa 'yan kwaminisancin Biyetnam, amma su sunan da suka kira kansu shi ne Ƙungiyar 'Yantar da Kudancin Biyetnam, wadda aka kafa a watan Disamba na 1960. Ɗan jagora a Cu Chi yakan ce "mayaƙan sari-ka-noƙe" ko "sojojin 'yanci", kuma zaɓin kalmar kansa yana nuna ɓangaren da ake ba da labari daga gare shi. Birnin Saigon, tsohuwar hedikwatar Kudu, shi aka mayar wa suna Ho Chi Minh a 1976, ko da yake mazaunansa da yawa har yanzu Saigon suke cewa.

Kalmar rami ma tana buƙatar bayani. Abin da ke Cu Chi hanyoyi ne na ƙarƙashin ƙasa da suka sarƙe da juna kamar gidan tururuwa, suna haɗa ƙauye da ƙauye, da ɗakuna a tsakaninsu. Tsawonsu gaba ɗaya a lokacin da suka fi bunƙasa an ƙiyasta ya kai kilomita 250. Wurare biyu aka buɗe wa baƙi: Ben Dinh, mai nisan kimanin kilomita 50 arewa maso yamma da tsakiyar birnin Ho Chi Minh, da Ben Duoc, mai nisan kimanin kilomita 70.

Abin da ya mayar da mutane ƙarƙashin ƙasa

An fara haƙa ramukan a ƙarshen shekarun 1940, lokacin yaƙi da Faransa, kuma a farkon lamari gajerun maɓoya ne da ƙauyawa ke adana takardu da makamai, ko su ɓoye wanda sojojin Faransa ke nema. Bayan an ci Faransa a Dien Bien Phu a watan Mayu na 1954, yarjejeniyar Jeneba ta raba ƙasar gida biyu na wucin gadi, Arewa a hannun 'yan kwaminisanci, Kudu a hannun gwamnatin da Amurka ke mara wa baya, bisa sharaɗin a yi zaɓen haɗewa a 1956. Ba a yi zaɓen ba. Shugaban Kudu, Ngo Dinh Diem, ya shiga farautar tsofaffin 'yan Viet Minh, su kuma suka koma daji suka sake ɗaukar makami.

Yanayin wurin ya sa Cu Chi ta zama abin da kowa ke so ya riƙe. Tana bakin kogin Saigon, tsakanin babban birnin Kudu da iyakar Kambodiya, inda makamai da mayaƙa ke sauka bayan sun biyo doguwar hanyar daji daga Arewa ta cikin Laos. Duk mai son kai hari Saigon yana buƙatar wurin taruwa kusa da ita, duk mai son kare ta kuma yana buƙatar hana wannan taruwa. Daga 1962 gwamnatin Diem ta fara kwashe ƙauyawa tana zuba su a ƙauyukan da aka kewaye da shinge, da nufin raba su da 'yan tawaye, sai shirin ya ƙara fusata manoman da aka raba da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Da sojojin ƙasa na Amurka suka sauka a 1965, har yawansu ya zarce rabin miliyan a 1968, sai bambancin ƙarfi ya fito fili. Ɓangare ɗaya yana da manyan jiragen jefa bom na B-52, da jirage masu saukar ungulu, da tankoki, da manyan bindigogi, ɗaya ɓangaren kuwa mafi yawansa manoma ne masu ƙananan makamai. An ayyana sassa da yawa na yankin a matsayin wuraren da soja ke da izinin harbin duk abin da ya motsa. A irin wannan hali bayan ƙasa ya daina zaunuwa, cikinta kawai ya rage.

Yadda aka haƙa su, da yadda aka zauna a ciki

Ƙasar Cu Chi jar ƙasa ce mai yumɓu da marmara, tana laushi da damina, idan rani ya yi kuma ta ƙeƙashe kamar tubali, har rami ya tsaya ba tare da an tokare shi da itace ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nisan da ya bar sararin haƙa mita da yawa kafin a tarar da shi. Da a ce ƙasar rairayi ce, ko fadama irin ta bakin kogin Mekong da ke kudu, da wannan aiki bai yiwu ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan masu haƙa rijiya zai fahimci tsarin aikin ba tare da dogon bayani ba. Akan haƙa rami miƙe zuwa ƙasa kamar busasshiyar rijiya, a haƙa wani can gaba, sannan a riƙa sara ta ƙasa daga ɓangarorin biyu har su haɗu, daga bisani a cike bakunan da ba a buƙata. Mutum ɗaya yana ciki a durƙushe da gajeriyar fartanya, wani yana jan kwandon gora da igiya, wani yana kwashe ƙasar. Zubar da ƙasar ita ce babbar matsala, domin tulin sabuwar jar ƙasa jirgin leƙen asiri zai hango shi daga sama, don haka akan zuba ta a kogi, ko a ramukan da bama-bamai suka yi, ko a baza ta a gona a shuka wani abu a kai. Galibi da dare ake aikin, maza da mata, kowane ƙauye yana haƙa rabonsa har a haɗe da na maƙwabta.

A wuraren da aka fi ƙawata aikin ramukan hawa uku ne. Na sama yana da zurfin kimanin mita 3, na tsakiya mita 6, na ƙasa kuma mita 8 zuwa 10, inda sai bom mai nauyi ƙwarai ke iya taɓawa. Hanyoyin ba su kai faɗin mita ɗaya ba a mafi yawan wurare, kuma da gangan ake lanƙwasa su, don kada harsashi ko tartsatsin gurneti ya yi tafiya mai nisa. Tsakanin hawa da hawa akwai murfi da ke toshe hayaƙi mai guba, a wasu wuraren kuma akan yi kwari a cika shi da ruwa, wanda mutum zai nitse ya ɓulla ta gaba amma iskar gas ba za ta wuce ba. Ƙofofin shan iska kuwa akan ɓoye bakinsu a gindin itace ko a jikin tudun da aka yi kama da suri.

Girki ya buƙaci tasa dabarar, tun da hayaƙi da ke tashi daga daji shi ne ke kiran jirgin yaƙi. Murhun da suka yi amfani da shi ana kiran sa Hoang Cam, sunan wani kukun soja da ya ƙirƙiro shi tun zamanin yaƙi da Faransa. Hayaƙin yana bi ta wata doguwar hanya mai ɗakuna-ɗakuna, ya huce, ya fito a warwatse can nesa da madafa, ya kwanta a ƙasa kamar hazon asuba. Akwai kuma rijiyoyi, da rumbunan shinkafa, da ɗakunan taro, da ɗakin tiyata da ake shimfiɗa wa ƙyallen lemar saukar sojoji a rufi don kada ƙasa ta zubo kan majinyaci, da maƙera inda ake yanka bama-baman Amurka da ba su fashe ba a kwashe albarushinsu a haɗa nakiyoyi, aikin da ya hallaka da yawa daga cikin masu yin sa.

Wannan fasaha ba ta sa zaman ya yi daɗi ba. Iska ba ta isa, zafi da duhu ba sa yankewa, ga kunama da shanshani da macizai da jemagu. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutane masu yawa, tsutsar ciki kuwa kusan babu wanda ta bari. Idan aka tsananta ruwan bama-bamai mutane kan yi kwanaki ba su ga rana ba, idan aka sami sauƙi su fito da dare su yi noma ko su kai hari.

Yunƙurin rusa su

A watan Janairu na 1966 sojojin Amurka da na Ostareliya kimanin 8,000 suka kutsa yankin a farmakin da aka kira Crimp, bayan jiragen B-52 sun share musu hanya. Sun riƙa shan harbi daga inda ba su ga kowa ba, kuma a nan ne suka fara fahimtar girman abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. A shekarar ce runduna ta 25 ta sojojin ƙasa na Amurka ta kafa babban sansaninta a Cu Chi, a kan filin da ramuka suka riga suka ratsa, har aka riƙa kai mata hari daga cikin shingenta. A Janairu na 1967 aka sake wani farmakin mai suna Cedar Falls da sojoji kimanin 30,000. An kwashe mutane kusan 6,000 daga ƙauyen Ben Suc da kewayensa, aka ƙone ƙauyen, katafila ta baje abin da ya rage, aka tuge dazuzzuka. An gano ramuka masu yawa da tarin takardu, amma mafi yawan mayaƙan sun sulale, kuma bayan 'yan watanni suka dawo.

An gwada ruwa, da hayaƙi mai sa hawaye, da nakiya, da karnuka. Masu ramukan sukan barbaɗa barkono a bakin ƙofa, ko su ajiye sabulu da tufafin sojan Amurka don kare ya ji ƙanshin da ya saba da shi ya wuce. Daga ƙarshe sai da aka koma tura mutum. Waɗannan sojoji, da ake kira ɓerayen rami, masu sa kai ne, galibi marasa girman jiki, suna shiga da tocila da ƙaramar bindiga da wuƙa, suna lalube a duhu inda tarko ko mai gadi ke jiran su a kowace kwana.

Ramukan sun taimaka wajen shirya hare-haren da aka kai Saigon a farmakin Tet, na sabuwar shekarar Biyetnam, a ƙarshen Janairu na 1968. A fagen daga 'yan tawaye sun yi mummunar asara a wannan farmaki, amma a siyasance ya karya gwiwar jama'ar Amurka game da yaƙin. Daga baya, wajen 1969 da 1970, ruwan bama-baman B-52 ya ruguza sassa masu yawa na ramukan. Wannan yana da muhimmanci ga baƙo, domin labarin cewa ramukan sun gagara har ƙarshe bai cika ba. Sun yi aikinsu na tsawon shekarun da aka fi buƙatar su, amma da tsada mai yawa, kuma tankokin rundunar Arewa ne suka shiga Saigon a 1975.

Na asali da na gyara

Ziyarar takan ci rabin yini daga birnin Ho Chi Minh, a mota ko a jirgin ruwa ta kogin Saigon. Akan fara da nuna wani tsohon fim na farfaganda marar launi daga shekarun 1960, mai yabon mayaƙan da suka kashe Amurkawa. Daga nan ɗan jagora ya shiga da baƙi daji, ya share ganye da ƙafa ya nuna murfin da ba wanda ya lura da shi. Sai jerin tarkuna na tsinin gora da ƙarfe, da gawar wata tankar Amurka da nakiya ta tarwatsa, da ramukan bom da ciyawa ta rufe, da mutum-mutumi sanye da kayan mayaƙa, da rumfar da ake yanka takalma daga tsohuwar taya. A ƙarshe akan ba baƙo dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri da sukari, da shayi, a matsayin abincin da mayaƙa suka rayu a kai idan shinkafa ta yanke.

Da yawa daga abin da aka lissafa an sake yin sa ne don nuni. Dajin kansa sabo ne, domin a ƙarshen yaƙi bom da katafila da maganin kashe ciyawa sun mayar da yankin fili fetal. Ɗakunan da ake nunawa an buɗe samansu an yi musu rufin ganye don a iya gani daga waje. Sashen da baƙi ke rarrafawa a Ben Dinh, mai tsawon kimanin mita 100, an faɗaɗa shi, an ƙarfafa shi, an sa masa 'yan fitilu da mafita a kowane ɗan taƙi saboda wanda numfashinsa ya sarƙe. Duk da haka mutane da yawa a mafitar farko suke fita. Mai ciwon zuciya ko asma, da wanda ƙuntataccen wuri ke firgita shi, ya fi masa ya tsaya a sama, kuma babu wanda ake tilasta wa shiga.

Gyaran bai mayar da wurin ƙarya ba. Ƙasar ita ce, hanyoyin da aka bi su ne, kuma ramin da bai sami kulawa ba damina kan rusa shi. Abin da ya kamata baƙo ya riƙe shi ne cewa minti goma da ya yi a sashen da aka faɗaɗa, da fitila, da tabbacin fita, ɗan ɗanɗano ne kawai na abin da wasu suka yi shekaru a cikinsa a duhu, ana jefa musu bom.

Ben Duoc ta bambanta da Ben Dinh. Ta fi nisa, 'yan ƙasa da ɗalibai sun fi zuwa can, kuma a nan ne aka gina babban ɗakin tunawa a shekarun 1990, wanda aka zana sunayen mamata fiye da 44,000 a bangonsa, waɗanda suka faɗi a yankin Saigon a yaƙe-yaƙen biyu. Iyalai kan je su kunna turare su nemi sunan nasu.

Labarin wa ake bayarwa?

A wurin gwamnatin Biyetnam, Cu Chi hujja ce cewa talakawa masu haƙuri da dabara sun rinjayi ƙasar da ta fi kowa ƙarfin soja, kuma a ƙarshen 2015 ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na musamman na ƙasa. Wannan matsayi yana da tushe. An jefa bama-bamai fiye da tan miliyan 7 a Biyetnam da Laos da Kambodiya, kisan fararen hula irin wanda sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai a watan Maris na 1968 ya tabbata, kuma alƙaluman da gwamnatin da ke Hanoi, babban birnin ƙasar, ta fitar a 1995 sun ce mayaƙanta miliyan 1.1 ne suka mutu, tare da fararen hula kusan miliyan 2 a ɓangarorin biyu.

Tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda ƙasarsu ta rasa mutum fiye da 58,000, sun kasu. Wasu sukan dawo Cu Chi su gana da waɗanda suka yaƙa, su yaba ƙwarewarsu. Wasu kuma ba sa jure ganin ana gwada yadda tarko ke huda ƙafa a gaban baƙi masu dariya, alhali abokansu ne aka yi tarkon dominsu.

Ɓangare na uku shi ne wanda ba a cika jin muryarsa a wurin ba, wato 'yan Kudu da suka yaƙi kwaminisanci. Sojojinsu da suka mutu sun haura 200,000, bayan 1975 an tsare dubban ɗaruruwa a sansanonin da aka kira na gyaran tunani, wasu dubban ɗaruruwa kuma suka tsere ta teku a ƙananan jirage. Ranar 30 ga Afrilu da Hanoi ke kira ranar 'yanci da haɗewa, da yawa daga cikinsu da ke zaune a Amurka da Ostareliya da Faransa ranar baƙin ciki suke ɗaukar ta. Suna tunatar da cewa yaƙin na basasa ne tsakanin 'yan ƙasa ɗaya kafin ya zama yaƙi da Amurka, cewa 'yan tawaye sun kashe dagatai da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati a ƙauyuka, kuma an tono gawawwaki kusan 2,800 a birnin Hue bayan mamayar da suka yi masa a 1968. Masana tarihi kuma sun nuna cewa manomin Cu Chi ba koyaushe yake da zaɓi ba: da rana soja na tuhumarsa, da dare 'yan tawaye na neman haraji da aikin haƙa. Wasu sun shiga da zuciya ɗaya, wasu don an ƙone gidajensu, wasu don ƙi ba shi da sauƙi. Babu ɗayan waɗannan da allunan bayani na wurin suke faɗa.

Wannan ba Biyetnam kaɗai ba ce. Kusan duk wurin tunawa da yaƙi wanda ya riƙe ƙasa ne ke rubuta allonsa. Ramin da mutanen Sarajevo, babban birnin Bosniya, suka haƙa a ƙarƙashin filin jirgin sama a 1993, mai tsawon kimanin mita 800, labarin waɗanda aka yi wa ƙawanya yake bayarwa. A Najeriya ma maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta Ojukwu da ke Umuahia, wadda ke tare da gidan tarihin yaƙi na ƙasa, tana ɗauke da irin wannan tambaya ta yadda za a nuna yaƙin basasa ga jikokin ɓangarorin biyu.

Filin harbi

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne filin harbi, inda baƙo ke sayen harsasai ya harba AK-47 ko M16 ko babbar bindiga mai sarrafa kanta, ƙarar kuma tana cika dajin duk tsawon ziyarar. Masu kare shi suna cewa kuɗin shiga yana taimaka wa kula da wurin, kuma ƙasar da ta sha wahalar yaƙin ita ke da hurumin yanke yadda za ta nuna shi. Masu suka suna cewa filin da ya ci rayuka masu yawa haka bai dace da nishaɗin harbi ba, kuma ƙarar tana tayar wa tsofaffin sojoji da tsohon ciwo. Asalin lamarin yana komawa ga sauyin tattalin arziki na Doi Moi da aka fara a 1986, lokacin da ƙasar ta buɗe ƙofa ga kasuwa da baƙi. Amurka ta ɗage takunkumin ciniki a 1994, aka maido da hulɗar jakadanci a 1995, baƙin da ke shiga ƙasar suka ƙaru har suka kai miliyan 18 a 2019, kuma da yawansu abin da suka fara sani game da Biyetnam shi ne yaƙin. Kasuwa ta bi abin da suke nema.

Vinh Moc, ramin fararen hula

Mai son ganin wata fuskar lamarin sai ya nufi Vinh Moc a lardin Quang Tri, a bakin teku, arewa kaɗan da layin da ya raba ƙasar. A nan ƙauye ne sukutum ya koma ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar shekarun 1960 don tsira daga bom. Ramin hawa uku ne, mafi zurfinsa ya wuce mita 20, yana da ƙofofi 13, wasu suna buɗewa ga teku. Iyalai kimanin 60 suka zauna a ciki, kowanne da ɗan lungunsa, kuma an haifi jarirai 17 a ɗakin haihuwarsa. Hanyoyinsa sun fi na Cu Chi tsayi, ana iya tafiya a sunkuye, kuma bai sha gyara irin na Cu Chi ba.

Abin da ya rage wa mutanen wurin

Ga mazauna Cu Chi ziyarar baƙi ta zama hanyar abinci: direbobi, 'yan jagora, masu sayar da abinci da kayan tsaraba, da masu sana'ar hannu. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin yana tsayawa a kamfanonin yawon buɗe ido na birni, tun da baƙo da safe yake zuwa ya koma kafin la'asar.

Gadon yaƙin da ya fi nauyi ba a rangadin ake ganin sa ba. Hukumomin Biyetnam sun ce bama-bamai da nakiyoyin da ba su fashe ba sun kashe mutum fiye da 40,000 tun daga 1975, mafi yawansu manoma da yara da masu tsintar ƙarfe, kuma kusan kashi 18 cikin 100 na faɗin ƙasar yana da ragowarsu, lardin Quang Tri ne kan gaba. Tsakanin 1962 da 1971 jiragen Amurka sun fesa lita kusan miliyan 75 na magungunan kashe ciyawa, mafi shahara Agent Orange mai ɗauke da gubar dioxin. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Biyetnam ta ƙiyasta mutum miliyan 3 ne abin ya taɓa lafiyarsu, adadin da Amurka ba ta amince da shi ba. Amurka ta yi dokar biyan tsofaffin sojojinta diyya a 1991, amma wata kotun tarayya a New York ta kori ƙarar da 'yan Biyetnam suka shigar kan kamfanonin da suka haɗa maganin a 2005. Daga baya ƙasashen biyu sun haɗa hannu suka kammala tsabtace filin jirgin saman Da Nang a 2018, suka fara na Bien Hoa, wanda ya fi shi girma da gurɓata, a 2019.

Hukumomin birnin Ho Chi Minh suna neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya Cu Chi cikin wuraren tarihi na duniya. UNESCO ta daɗe tana ɗari-ɗari da wuraren rikicin da bai daɗe ba, saboda gudun a yi amfani da sunanta wajen tabbatar da labarin ɓangare ɗaya, amma a 2023 ta karɓi wuraren tunawa da kisan ƙare dangi na Ruwanda da maƙabartun Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa da Beljiyam, a 2025 kuma ta karɓi wuraren tunawa da ta'asar gwamnatin Khmer Rouge a Kambodiya. Idan buƙatar ta kai gaban masu tantancewa, za su duba yawan abin da ya rage na asali, da yadda ake kula da shi, da yadda ake ba da labarinsa, kuma da wuya batun filin harbi da sassan da aka faɗaɗa ya wuce ba a tambaya ba. Ga mazauna yankin, samun wannan matsayi zai iya ƙara yawan baƙi da kuɗin gyara, ya kuma zo da ƙa'idoji kan gini da haƙa a filayen da ramuka suka ratsa ta ƙarƙashinsu, a daidai lokacin da birnin ke faɗaɗa zuwa arewa maso yamma kuma farashin fili ke hawa.